Rabuwar Kai A Ɗarikar Angilika: Daga Kantabari Zuwa Funtuwa Da Malumfashi

Ran Juma'a 3 ga watan Oktoba na shekarar 2025, daidai lokacin da manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi suka duƙufa wajen karyar masara da shanyarta, gwamnatin Ingila ta ba da sanarwar cewa Sarki Charles na Uku ya amince da naɗin wata mata mai suna Sarah Mullally ta zama Babban Bishof na Kantabari. Ita ce ta 106 a jerin waɗanda suka hau wannan kujera tun daga shekarar 597, kuma ita ce mace ta fari. Kafin ta shiga aikin majami'a ma'aikaciyar jinya ce, har ta kai ga riƙe muƙamin babbar jami'ar jinya ta Ingila, sa'an nan ta zama Bishof na London a cikin 2018.

Ba a cika mako biyu da wannan sanarwa ba, watau ran 16 ga wata, sai ƙungiyar da ake kira GAFCON, wadda Ikilisiyar Angilika ta Nijeriya take cikin manyan ginshiƙanta, ta fito da tata sanarwa ta bakin shugabanta, Babban Bishof Laurent Mbanda na ƙasar Ruwanda. Ta ce daga ranar ba ta san da jagorancin Kantabari ba, ba za ta ƙara halartar tarurrukan da ake kira daga can ba, kuma ita ce sahihiyar magajiyar ɗarikar a duniya. Ta kuma kira bishof-bishof nata zuwa taro a Abuja a cikin watan Maris na 2026.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa manomin auduga na Bakori ko Ƙafur da rigimar da ake yi a bakin kogin London? Amsar ita ce, a cikin ƙauyukan kudancin Jihar Katsina akwai Hausawa 'yan asalin ƙasa waɗanda wannan ɗarika ce tasu tun zamanin kakanninsu, kuma bishof ɗinsu yana cikin majalisar da ta yanke shawarar juya wa Kantabari baya. Domin a fahimci yadda aka kai ga haka, tilas a koma baya.

Asalin Ɗarikar Da Tsarinta

Ɗarikar Angilika ta samo asali ne daga Ikilisiyar Ingila, wadda ta fita daga ƙarƙashin Paparoma a cikin 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Da mulkin Ingila ya bazu a duniya sai ɗarikar ta bi sawunsa, har yau ana ƙiyasta mabiyanta sun kai kimanin miliyan 85 a cikin ƙasashe fiye da 165, an kasa su cikin larduna 42. Kowane lardi yana cin gashin kansa, yana da tsarin mulkinsa da majalisarsa da shugabansa.

A nan ne babban bambancinta da ɗarikar Katolika yake. Babban Bishof na Kantabari ba Paparoma ba ne. Ba shi da ikon naɗa bishof a Katsina ko tuɓe shi, ba shi kuma da ikon soke hukuncin da wani lardi ya yanke. Matsayinsa kamar na babban wa ne a cikin gida, wanda ake ba girma ana jin maganarsa, amma kowane ƙane yana da nasa sashe da nasa rumbu. Abubuwa huɗu ne suke riƙe da zumuncin: kujerar Kantabari ita kanta, da Taron Lambeth na dukan bishof-bishof wanda aka fara a 1867 ana kuma yin sa kusan kowace shekara goma, da Majalisar Shawara wadda ta yi zamanta na fari a ƙasar Kenya a 1971, da kuma taron shugabannin larduna. Ba ɗaya daga cikin huɗun da yake da ikon tilasta wa wani lardi. Muddin ana ga maciji da juna wannan tsari yana tafiya lami lafiya, amma da saɓani ya taso sai aka tarar babu alƙalin da kowa ya yarda da hukuncinsa.

Yadda Ta Iso Ƙasar Maska

A cikin shekarar 1900 wani ayarin Turawan mishan na ƙungiyar C.M.S., a ƙarƙashin Bishof Tugwell, ya isa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su ba da ɓata lokaci ba. A cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Shi ne ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan gari, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, kuma tana nan tsaye har yau. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya ba da babbar gudummawa a cikinsa.

Wusasa ƙaramin gari ne, amma ya yaye manyan mutane. Daga cikinsu akwai Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari ɗan Arewa, da Malam John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda mahaifinsa mai bishara ne a can. Daga Wusasa ɗin ne kuma masu bishara da malaman asibiti suka riƙa fita zuwa ƙauyukan Maguzawa, aka kafa ƙananan tashoshi a wurare kamar Maska da Bakori a lardin Katsina, da Tsafe a lardin Sakkwato.

Wata hanyar da ɗarikar ta biyo ita ce ta jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa, cinikin auduga da gyaɗa ya bunƙasa, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, Yarbawa da Ibo, suka zo da ɗarikarsu suka gina majami'u a cikin gari. Saboda haka tun da fari jama'ar Angilika ta wannan yanki iri biyu ce: akwai ta cikin gari mai yin sujada da Turanci ko harsunan kudu, akwai kuma ta karkara, manoma Hausawa masu addu'a da waƙa da Hausa. A gefensu kuma akwai ɗarikar ECWA da ta Katolika, waɗanda su ma suna da mabiya da yawa a ƙasar Malumfashi da Ƙafur.

A 1954 aka kafa dayosis guda, watau gundumar bishof, domin Arewa baki ɗaya. Ran 24 ga Fabrairu 1979 Ikilisiyar Nijeriya ta zama lardi mai cin gashin kansa, Timothy Olufosoye ya zama shugabanta na fari. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sai a cikin watan Satumba na 1990 Babban Bishof Abiodun Adetiloye ya buɗe sababbin dayosis takwas a Arewa cikin wata guda, Katsina tana ciki, James Kwasu ya zama bishof ɗinta na fari. Funtuwa da Malumfashi suna ƙarƙashin wannan dayosis, ita kuma tana cikin lardin Kaduna.

Mas'alar Naɗin Mata

Muƙaman limanci a wannan ɗarika hawa uku ne: dikon, da firist wanda aka fi kira rabaran, da bishof. Firist ne yake da ikon keɓe gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, bishof kuwa shi ne yake ɗora hannu ya naɗa sauran. Tambayar da ta raba kawuna ita ce ko mace tana iya hawa waɗannan matakai.

Yaƙi ne ya fara buɗe ƙofar. A cikin Janairu 1944, sa'ad da sojan Japan suka mamaye kudancin ƙasar Sin har firistoci maza suka kasa isa ga jama'ar Macau, Bishof Ronald Hall na Hong Kong ya naɗa wata mata, Florence Li Tim-Oi, ta zama firist. Bayan yaƙi aka matsa, ta ajiye takardar izninta, maganar ta kwanta har 1971 lokacin da Hong Kong ta sake naɗa mata biyu. A 1974 aka naɗa mata goma sha ɗaya a birnin Philadelphia na Amurka ba da iznin majalisa ba, bayan shekara biyu majalisar ta halatta abin. A 1989 Barbara Harris ta zama mace ta fari da ta hau muƙamin bishof a ɗarikar. Ingila kanta ta yi jinkiri: majalisarta ta amince a Nuwamba 1992, aka naɗa mata 32 na fari a birnin Bristol a Maris 1994, sa'an nan sai a Janairu 2015 ta sami bishof mace.

Kuskure ne a ɗauka wannan al'amari na Turawa ne kaɗai. A 1983 aka naɗa mata firistoci a Uganda da Kenya. A 2012 Ellinah Wamukoya ta ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ta zama bishof mace ta fari a Afirka, a 2021 kuma Kenya ta naɗa biyu. Nijeriya ce ta tsaya a kan bakanta. A ƙarshen 1993 Bishof Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku a muƙamin dikon, amma majalisar bishof-bishof ta ce naɗin bai inganta ba, ta soke shi. Har yau Ikilisiyar Nijeriya ba ta naɗa mace firist, balle bishof.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa daga littafi guda. Masu hanawa suna cewa manzanni goma sha biyu da Almasihu ya zaɓa duk maza ne, suna kuma kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti inda aka yi magana a kan shugabancin mace bisa maza a cikin taron masu bi, suna ƙarawa da cewa al'adar da aka bi kusan shekara dubu biyu ba a sauya ta da ƙuri'a. Masu halattawa kuwa suna cewa wannan umurni ya dace ne da halin wani gari a wani zamani, suna nuni da wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa wadda ta daidaita namiji da mace a gaban Allah, da matan da shi Bulus ya ambata a matsayin abokan aikinsa, da kuma cewa mata ne suka fara kai labarin tashin Almasihu bisa ga imanin Kirista.

Matan Da Suke Riƙe Da Majami'a

Wanda ya shiga majami'ar ƙauye a ƙasar Bakori ko Malumfashi ran Lahadi zai ga abin da takardun muhawara ba su cika faɗa ba. Mata ne suka fi cika kujeru. Ƙungiyar Zumuntar Mata, da anko da tulun kiɗa da caki, ita ce take ɗaukar waƙa, ita take ziyarar marasa lafiya da masu jego da gidan makoki, ita take tara gudummawa in za a yi wa majami'a rufin kwano. Akwai kuma ƙungiyar iyaye mata wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, wadda a Nijeriya matar bishof ce take shugabantarta a kowace dayosis, matar rabaran kuma a kowace majami'a. Mata suna koyar da yara, suna karanta nassi a gaban jama'a, waɗansu ma suna da iznin yin wa'azi. Abin da aka hana su shi ne bagade da kujerar mulki.

Wannan rabon aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, kowa ya san darajar ilminta, amma ba a ce ta ja maza salla ba. Musulmin da yake maƙwabtaka da majami'a ya fahimci bambanci tsakanin malanta da limanci, haka nan ɗan ECWA da ɗan Katolika, domin su ma ba su naɗa mata. Saboda haka a wannan yanki hana mace limanci bai zama abin mamaki ga kowa ba.

Duk da haka tambayar ba ta mutu ba. Matan Maguzawa tun asali ba su san kulle ba, suna noma gayaunarsu, suna cin kasuwa, suna da abin hannunsu. Jikokinsu yanzu suna karatu a Zariya da Katsina da Dutsin-Ma, waɗansu suna karantar ilmin tauhidin Kirista. A ƙauyen da rabaran guda yake kewaya majami'u da dama a kan babur, har jama'a su yi makonni ba su karɓi Jibi ba, ba abin mamaki ba ne wata rana a ji mai tambaya, shin halin da ya sa Bishof Hall ya yi abin da ya yi a 1944 bai yi kama da wannan ba? Shugabannin Nijeriya sun amsa da cewa ƙarancin ma'aikata ba ya halatta abin da nassi bai halatta ba. Ko wannan amsa za ta gamsar da 'yan baya, lokaci ne zai nuna.

Daga Auren Mata Da Yawa Zuwa Auren Jinsi

Maganar aure ta daɗe tana wahalar da wannan ɗarika, kuma karon fari a kan Afirka ne. Taron Lambeth na 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba muddin yana tare da su. Wannan hukunci ya yi nauyi ƙwarai a wurare irin ƙasar Maguzawa, inda yawan iyali shi ne ƙarfin gandu. Magidanci mai mata uku in ya so shiga addinin, sai a ce ya zaɓi ɗaya ya saki biyu, su tafi da 'ya'ya ko su bar su. Sai bayan shekara ɗari cif, a taron 1988, bisa roƙon bishof-bishof na Afirka ta Gabas, aka sassauta: ana iya karɓarsa tare da matansa da 'ya'yansa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikinsu tana da rai, kuma jama'ar majami'ar wurin sun yarda.

Bayan shekara goma sai kallo ya koma sama. A taron 1998 maganar luwaɗi da maɗigo ce ta mamaye zaure. Da ƙuri'a 526 a kan 70 aka zartar da ƙudurin da aka sani da lamba 1.10, wanda ya ce aure tsakanin namiji da mace ne, kuma saduwar jinsi ɗaya ba ta dace da nassi ba, bai kuma ba da shawarar sa wa irin wannan zama albarka ko naɗa masu yin sa ba. Amma ƙudurin nan ya ƙunshi wani sashe da ba a cika ambata ba, wanda ya ce a saurari irin waɗannan mutane, a yi musu hidima, a kuma guji tsangwamarsu.

Ƙudurin Lambeth shawara ce, ba doka ba. A 2002 wata dayosis a Kanada ta amince da sa wa zaman jinsi ɗaya albarka. A Nuwamba 2003 Ikilisiyar Amurka ta naɗa Gene Robinson, wanda yake zaune da ɗan'uwansa namiji a fili, ya zama Bishof na New Hampshire. Daga nan tulu ya fashe. Peter Akinola, wanda ya shugabanci Ikilisiyar Nijeriya daga 2000 zuwa 2010, ya zama jagoran masu adawa. A 2004 shugabannin ɗarikar na Afirka suka ce ba za su ƙara karɓar gudummawar kuɗi daga dayosis ɗin da suka bi wannan hanya ba. A Satumba 2005 Nijeriya ta gyara tsarin mulkinta, ta cire ambaton kujerar Kantabari, ta ce zumuncinta yana tare da duk wanda ya riƙe koyarwar asali. A 2006 aka naɗa wani Bature, Martyn Minns, bishof a Abuja domin ya kula da majami'un Amurka da suka ɓalle suka nemi inuwar Nijeriya. Waɗanda kakanninsu suka karɓi 'yan mishan sun koma aika nasu.

A nan ma hujjoji biyu ne. Masu sauyi a Amurka da Ingila suna cewa in an iya duba halin magidancin Afirka a 1988 aka yi masa rangwame, ya kamata a duba halin mutanen ƙasashensu. Bishof-bishof na Nijeriya suna amsawa da cewa rangwamen 1988 bai sauya ma'anar aure ba, ya dai tausaya wa wanda ya riga ya yi aurensa kafin ya tuba, alhali abin da ake nema yanzu shi ne a sa albarka ga abin da nassi ya hana. A cikin gida kuwa dokar ƙasa tana tare da su, domin a Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta auren jinsi ɗaya, da hukuncin ɗaurin shekara 14. Ikilisiyar Nijeriya ta goyi bayan dokar, shi kuwa Babban Bishof na Kantabari na lokacin, Justin Welby, tare da takwaransa na York, suka rubuto wasiƙa suna tunatarwa a kan kula da mutanen da abin ya shafa.

Wa Zai Riƙe Sandar Jagora

Idan aka tone ƙasan rigingimun nan biyu, za a tarar da ta uku, watau ta shugabanci, kuma ita ma tsohuwa ce. A 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishof a majami'ar Kantabari, baƙar fata na fari a ɗarikar. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan, waɗanda burinsu shi ne su shiga ƙasar Hausa, suka tsige masa ma'aikatansa a gabansa, suka wulakanta shi, ya rasu a ƙarshen 1891, aka mai da Bature a gurbinsa. 'Yan Angilika na Nijeriya ba su manta da wannan ba. Yau dayosis ɗinsu sun haura 160, kuma masu zuwa majami'a ran Lahadi a Nijeriya sun ninka na Ingila sau da yawa. Saboda haka suke tambaya, don me shugaban ɗarikar duniya zai zama wanda wani kwamiti ya zaɓa a Ingila, Firayim Minista ya miƙa sunansa, Sarki ya amince?

A Yuni 2008 bishof-bishof kusan 300 suka taru a Birnin Ƙudus, wanda Kirista suke kira Urushalima, suka kafa GAFCON, Nijeriya kuma ta ƙaurace wa Taron Lambeth na shekarar, ta sake ƙaurace wa na 2022 tare da Uganda da Ruwanda. A Fabrairu 2023 majalisar Ikilisiyar Ingila ta amince da addu'o'in sa albarka ga masu zaman jinsi ɗaya, ko da yake ba ta halatta ɗaura musu aure a majami'a ba. A Nuwamba 2024 Welby ya yi murabus bayan wani rahoto ya nuna gazawarsa wajen bin diddigin wani mutum da ya daɗe yana azabtar da yara maza. Gurbinsa ne Sarah Mullally ta gada. Shugaban Ikilisiyar Nijeriya, Henry Ndukuba, ya ƙi amincewa da zaɓen bisa dalili biyu: kasancewar mabiya da yawa ba su yarda da shugabancin mace a muƙamin bishof ba, da kuma goyon bayan da ta ba addu'o'in 2023, wanda ya ce shi ne ya fi damunsu.

Abin lura shi ne manyan 'yan wasan wannan dambarwa da dama Arewa ce ta rene su. Ndukuba ya yi aiki a Kano da makarantar horar da limamai ta Wusasa, ya kuma riƙe Gombe shekara ashirin kafin ya zama shugaba a 2020. Benjamin Kwashi na Jos, wanda aka ƙona majami'arsa da gidansa a Zariya a rikicin 1987, ya zama babban sakataren GAFCON daga 2019 zuwa 2023. A ɗaya gefen kuma akwai Josiah Idowu-Fearon, tsohon bishof na Sakkwato da Kaduna, masanin addinin Musulunci, wanda ya zama babban sakataren ɗarikar ta duniya a London daga 2015 zuwa 2022. Ikilisiyarsa ta gida ta ce ba da yawunta ya karɓi muƙamin ba. Shi bai saɓa wa 'yan'uwansa a kan ma'anar aure ba, inda suka rabu shi ne yana ganin zama a zaure a yi ta muhawara ya fi ficewa.

Har wa yau ba a ce Afirka duka bakinta ɗaya ba. Babban Bishof Thabo Makgoba na Afirka ta Kudu ya yi maraba da naɗin Mullally. A cikin GAFCON kanta, Kenya da Uganda da Ruwanda suna naɗa mata firistoci, Nijeriya ba ta yi, sun dai yarda kada wannan ya raba su. A ɓangaren Kantabari kuma, a Disamba 2024 wani kwamitin ɗarikar ya kawo shawarar a rage fifikon kujerar Ingila, a raba jagoranci tsakanin larduna, abin da yake nuna cewa can ma an gane tsohon tsari ya tsufa.

Abin Da Ya Rage Ga Manomi

A zahiri, sujadar Lahadi a Funtuwa ko Malumfashi ba ta sauya ba saboda sanarwar Oktoba. Littafin addu'a yana nan, rabaran yana nan, bishof yana zuwa tabbatar da matasa kamar yadda ya saba. Amma rabuwar tana da nauyi a wurare uku.

Na fari shi ne suna. Kirista a wannan yanki tsiraru ne a tsakiyar Musulmi, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, sau da yawa ma kaka ɗaya suka haɗa. Duk abin da rediyo ya faɗa a kan wata majami'a a Amurka, maƙwabci yana iya ɗora shi a kan ta ƙauyensu. Shugabannin Nijeriya sun sha kafa hujja da wannan. Masu sukarsu kuma suna cewa tsoron abin da maƙwabci zai ce ba ya isa ya zama ma'aunin koyarwa, kuma sashen ƙudurin 1998 da ya hana tsangwama yana kan kowa.

Na biyu shi ne aljihu. Ikilisiyar da ta ƙi kuɗin waje tilas ta dogara ga baikon mabiyanta, a karkara kuwa baiko shi ne buhun masara da damin dawa da ake kawowa ran godiyar kaka. In damina ta yi kyau, albashin mai bishara ya fita, in ba ta yi ba, sai haƙuri.

Na uku kuwa, wanda ya fi kowanne tsanani, shi ne tsaro. Tun kafin sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, 'yan bindiga suka addabi ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da maƙwabtansu, ba su bambanta masallaci da majami'a. A Mayu 2021 aka kashe wani limamin Katolika a Malumfashi. Manomin da ya bar gonarsa ta nesa ba shuka saboda tsoro, abin da yake nema ga kowane shugaba, na Abuja ko na Kantabari, shi ne wanda zai ji kukansa ya kuma isar da shi inda za a share masa hawaye. Zumuncin duniya yana da amfani gare shi ne gwargwadon yadda ya sa wani a nesa ya san halin da yake ciki, kuma duk igiyar da ta tsinke, hanya ɗaya ce ta isar da kukan ta toshe.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Shekaru fiye da ashirin ke nan ƙafar shugabannin Angilika na Nijeriya ba ta taka Taron Lambeth ba, domin rabonsu da shi tun 1998. Ko za a sake gina zauren da zai ɗauki kowa, ko kuwa gidan ya rabu biyu ke nan har abada, wannan yana hannun bishof-bishof. Su dai jama'ar Maska da Bakori da Ƙafur, waɗanda suka karɓi wannan ɗarika daga hannun masu bisharar Wusasa, za su ci gaba da taruwa ran Lahadi, Zumuntar Mata tana gaba da tulun kiɗa, suna roƙon ruwan sama da zaman lafiya kamar sauran maƙwabtansu.